Baƙo da Maigida a Zangon Lome: Tsokaci a Kan Ra'ayin Michel Agier

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda tsokaci ce a kan yadda Michel Agier, masanin zamantakewar al'umma ɗan ƙasar Faransa, ya ɗauki kalmomin Hausa biyu, wato "baƙo" da "maigida", ya shiga da su muhawarar da ake yi a Turai game da masu neman mafaka da tsaron iyakoki. Agier ya yi bincike a Zangon Lome, babban birnin Togo, a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma fitar da littafi a kan 'yan kasuwar unguwar a 1983 mai suna Commerce et sociabilité. A 2018 ya sake waiwayar Hausawan zango a wani littafin, L'étranger qui vient, wanda ya shafi karɓar baƙi a wannan zamani.

2.0 Inda Ya Dace

Ya kamata ɗalibi ya fara lura da kalmar kanta. Bahaushe yana kiran wanda bai sani ba baƙo, yana kuma kiran wanda ya sauka a gidansa baƙo. Faransanci ya raba waɗannan biyu, sannan ya haɗa mai sauka da mai saukarwa a kalma guda. Ke nan a Hausa, da zarar an ce da mutum baƙo, an riga an buɗe masa hanyar samun masauki, domin kuwa akan ce baƙonka annabinka.

A zango wannan ba magana ce ta fatar baki ba. Falke ko mai shanu idan ya iso daga arewa, gidan wani maigida yake nufa. Shi zai ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayar da kaya bashi. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a Sabo ta Ibadan tun 1969. Abin da Agier ya fahimta, kuma ya yi daidai, shi ne karamcin yana da sharaɗi: maigida yana sama, baƙo yana ƙasa, akwai la'ada a tsakani, kuma baƙunta tana da ranar ƙarewa. Ko dai baƙo ya tafi, ko ya zama yaron gida, wataƙila har a ba shi aure. Da wannan ne ya ƙalubalanci ra'ayin Jacques Derrida na karamcin da ba shi da sharaɗi ko kaɗan.

3.0 Inda Misalin Ya Gaza

Matsalar ita ce, misalin zango yana da daɗin ji, har yakan sa mai karatu ya manta da wani na uku da ke tsaye a bakin ƙofa, wato hukuma. A 1977 gwamnatin Gnassingbe Eyadema ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar Lome, aka kwashe mutanensa zuwa wani fili mai nisan kimanin kilomita 15 arewa da birnin. A ranar ba a tambayi wane ne maigida wane ne baƙo ba. Mutumin da aka haifi kakansa a unguwar da wanda ya sauka jiya, duk tare suka ɗaure kaya. Abin mamaki, Eyadema ɗin nan ne ya haɗa kai da Yakubu Gowon wajen kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975, wadda ta amince da yarjejeniyar zirga-zirga ba tare da biza ba a 1979.

Agier ya san wannan tarihi sarai, tun da a sabon Zangon ya yi aikinsa, kuma shi ma ya nemi a mayar da karɓar baƙo haƙƙi maimakon alfarma. Sai dai a ganina tarihin 1977 ya fi tsarin masauki amfani ga muhawarar mafaka. Maigida yana iya lamunce wa baƙonsa a kasuwar goro, amma ba shi da takardar da zai nuna wa jami'in shige da fice a Aflao, kan iyakar Togo da Ghana, wadda take manne da Lome. Mazauna zangunan Ghana sun ga haka a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu. Nijeriya ma ta yi nata korar a 1983. Haka kuma a 1993, lokacin da rikicin siyasa ya sa dubban mutanen Lome suka tsallaka Ghana da Benin, 'yan gari ne da kansu suka koma baƙi. Wanda ya gudo daga harbi ba ya tafe da shanu ko huhun goro, saboda haka babu la'adar da za ta ɗaure shi da wani maigida. Nan ne falke da ɗan gudun hijira suka raba hanya.

4.0 Aikin Mai Fassara

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A labaran rediyo akan ji "baƙin haure" da "'yan ci-rani" da "'yan gudun hijira" da "masu neman mafaka", sau da yawa a kan mutanen jirgin ruwa guda. Ba ɗaya suke ba. Ci-rani tafiya ce ta neman abinci da niyyar komawa gida kafin damina. Hijira kuwa tana ɗauke da darajar addini, tana tuna wa mai sauraro Madina da mutanenta. Haure shi ne wurin da ganuwa ta zube har ake haurawa, don haka "baƙon haure" shi ne wanda ya ƙi bin ƙofa, kuma kalmar ta yanke masa hukunci tun kafin a ji ta bakinsa. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 kuwa ta hana a hukunta ɗan gudun hijira don kawai ya shigo ba bisa ƙa'ida ba, muddin ya cika sharuɗɗan da ta gindaya, kamar gabatar da kansa ga hukuma ba tare da jinkiri ba.

Ɗalibi ya gwada ɗaukar labarin rushe Zango na 1977 ya rubuta shi sau biyu, sau ɗaya yana kiran mutanen "baƙi", sau ɗaya "mazauna", sannan ya duba wanne daga cikin rubutun biyu ne ya sa rushewar ta yi kama da abin da ya halatta.