Masu Mayar da Gilashin Ƙofar Fijo 504

In tsohuwar Fijo 504 ta fito daga fenti tana sheƙi, mai fenti ake yabo. Ba a cika tuna wanda zai mayar mata da gilashin ƙofa ba, alhali aikinsa ne direba zai riƙa taɓawa kullum.

Motar nan, da aka fara fitarwa a Faransa a 1968, aka kuma harhaɗa ta a Kaduna daga 1975, galibi hannu ake juyawa gilashinta ya hau. Gwanin yakan fara da wanke injin ɗaga gilashin, ya shafa masa sabon giris, ya sauya robobin da rana ta busar. Sannan ya manna tef a bakin ƙofa saboda fenti, ya karkato gilashin ya zura shi a hankali. Gefensa kaɗai zai daki ƙarfe ya tarwatse kamar tsakuwa, ga shi samun irinsa yanzu sai an sha yawo.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya ɗaure kusoshi sai ya ɗaga gilashin har sama ya ga ya zauna daram. Yakan kuma zungure ramukan ƙasan ƙofa don ruwan damina ya samu mafita.