Wai asarar tan 11 a hekta ba komai ba ce?

Idan kana bibiyar rahotannin zaizayar ƙasa, za ka sha cin karo da wani adadi: wai gona tana iya jure asarar tan 11 na ƙasa a kowace hekta duk shekara. Daga Amurka ya fito, tan 5 ne a eka, kuma ana amfani da shi tare da lissafin USLE da Wischmeier da Smith suka fitar a 1965, suka sabunta a 1978. Lissafin yana da amfaninsa. Rigimata da masu ɗauko 11 ɗin nan su ɗora wa kowace gona ce.

Tan 11 a hekta fa bai kai kaurin milimita ɗaya ba, shi ya sa yake kama da ƙaramin abu. To amma adadin yana gaya maka nauyin abin da ruwa ya kwashe ne kawai, bai ce komai kan abin da ke ƙarƙashi ba. A wasu gonakin Misisifi da Kentaki akwai wata shimfiɗa mai tauri da ake kira firajifan, sau da yawa ba ta kai zurfin mita ɗaya ba. Saiwa ba ta ratsa ta sai inda ta tsage, ruwa ma da ƙyar yake wucewa. Ka ga ke nan duk ɗanshin da shuka ke sha yana cikin 'yar ƙasar da ke samanta, duk abin da ya tafi kuwa an rage wa shuka randa. Ga kuma wani: ƙasar saman tana raguwa, tana saurin ƙoshi da ruwa, ragowar ya malale ya ƙara kwasa.

Su Amurkawan ai sun san haka. A tsarinsu tan 5 iyaka ce ta ƙasa mai zurfi, marar zurfi ana sauko mata har tan 1 a eka. Masu kwafa ne ke yar da wannan sharaɗin a hanya. Kuma USLE ba ya lissafa kwazazzabai, balle abin da iska ke ɗauka, wanda a Nijar ba ƙarami ba ne.

A ƙasar Hausa, wurare da dama marmara ce a ƙarƙashi. Ƙasar sama tana ƙarewa sai faƙo, ruwa ya zuba ya wuce. A yankin Tawa manoma suna farfaɗo da irin wannan fili da tassa: su haƙa ƙananan ramuka da rani, su zuba taki, su shuka gero a ciki. Rami dubbai ke nan a hekta ɗaya, duk da hannu.