Dara da Wasannin Intanet: Wanne Ya Fi Ƙarko?

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a auna ƙananan wasannin nan na intanet, waɗanda ake bugawa kai tsaye a burauza, da irin ma'aunin da manazarta kan auna wasannin gargajiya. Duk wanda ya ratsa Limawa ta Dutse da la'asar zai ga dalilin yin haka: dattawa sun kewaye gurabun dara a gindin dalbejiya, samari kuwa kowa ya sunkuya a kan wayarsa.

Bari mu fara da tarihi. A shekarar 1996 kamfanin Macromedia ya fito da manhajar Flash, wadda ta sa hoto mai motsi ya iya tafiya cikin shafin intanet ba tare da nauyi ba. A kanta aka gina dubban wasanni, har da FarmVille na 2009, inda mutum kan yi noman ƙarya a Facebook. A ƙasar nan kuwa, layukan wayar salula sun bazu ne daga 2001, kuma wasan macijin Nokia shi ne da yawanmu muka fara sani, kafin mu leƙa gidajen intanet da ake biya da awa. A 2010 Steve Jobs ya bayyana dalilansa na hana Flash shiga iPhone. Sannu a hankali fasahar HTML5 ta maye gurbinta, sannan ranar 31 ga Disamba 2020 kamfanin Adobe ya janye hannu daga Flash. A wannan rana aka rufe FarmVille na asali, gonakin mutane suka bi iska.

To, ina ƙarfin waɗannan wasanni yake? Yana cikin sauƙin ƙa'ida. Wasan 2048, na 2014, haɗa lambobi masu kama da juna ne kurum. Bejeweled kuwa jera duwatsu uku ne iri ɗaya. A nan ya kamata Bahaushe ya yi murmushi, domin jera uku shi ne zuciyar dara: gurabu galibi 30, 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, wanda ya jera uku ya cinye ɗan abokin karawarsa. Ashe abin da aka kawo mana cikin gilashi mun daɗe muna tona shi a ƙasa.

Amma akwai bambanci ta fuska uku. Na farko, dandali. Dara ba ta cika sai da 'yan kallo, da zolaya, da habaici, shi ya sa ta haifa wa harshe karin magana irin su “dara ta ci gida”. Wasan waya bai bar mana ko kalma guda mai nauyin wannan ba tukuna. Na biyu, abokin karawa. A dara tunanin mutum kake karantawa. A yawancin wasannin intanet na'ura ce ke lallashinka ka daɗe, domin daɗewarka ita ce kasuwar masu talla. Na uku, mallaka. Kayan dara tsakuwa ne da tsinke, babu kamfanin da zai wayi gari ya rufe ta. Wasannin Flash kuwa sai da masu sa kai suka tashi da shirin Flashpoint a 2018 suka riƙa tsamo su, kamar masu kwashe kaya daga gobara.

Duk da haka, rashin adalci ne a yi musu kuɗin goro. Wordle, wanda Josh Wardle ya saki a 2021, jaridar New York Times ta saya a 2022, ya nuna wata hanya: kalma ɗaya mai haruffa biyar a rana, gwaji shida, sannan kowa ya je ya gwada sakamakonsa da na abokai. Wannan ya fi kusa da kacici-kacici, domin yana da iyaka, kuma yana mai da mutum cikin jama'a. Illarsa gare mu ita ce da Turanci aka gina shi. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ.

A taƙaice, fasahar yau ta sauƙaƙa har ɗalibi ɗaya na iya gina irin wannan wasa. Saura mu ga ko ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse za su ɗora dara da kacici-kacici a kai, ko kuwa za mu ci gaba da wasa da aron hannu. Kayan aro dai ba ya rufe katara.