Bawan Ƙarfe: Matsalar Mallakar Mutum-mutumi a Ƙagaggun Labaran Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba wani jigo da ya daɗe a ƙagaggun labaran kimiyya, watau mutum-mutumi mai hankali da ake saye a ajiye a gida yana hidima. Wani zai ce ina ruwan Bahaushe, tun da adabinmu bai yi nisa a fannin ba, in ban da irin su Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969). Mu kuwa muna ganin Bahaushe yana da ma'aunin auna jigon, domin abin da marubutan nan suke hasashe kakanninmu sun zauna da shi, har sun raɗa wa kowane mataki nasa suna.

2.0 Tushen jigon

Kalmar da Turawa ke kiran mutum-mutumi da ita ta fito ne daga wasan kwaikwayon Karel Čapek mai suna R.U.R. na 1920, kuma asalinta a harshen Cek tana nufin aikin tilas. Ke nan tun ran gini tun ran zane: labarin bauta ne aka sa wa rigar kimiyya. A wasan Čapek bayin sun yi bore, sun hallaka iyayen gijinsu. Isaac Asimov na Amurka ya nemi ya toshe wannan kafa a 1942 da dokoki uku da aka dasa a ƙwaƙwalwar mutum-mutumi: ba ya cutar da ɗan Adam, yana bin umurninsa, kare kansa kuwa shi ne na ƙarshe.

3.0 Murgu da fansa

A labarinsa The Bicentennial Man na 1976, Asimov ya kawo Andrew, baran wani gida, wanda ya iya sassaƙa. Maigidan ya bar shi yana tara kuɗin sana'arsa, daga baya ya nemi ya fanshi kansa, kotu ta amince. Duk wanda ya san tarihin ƙasar Hausa zai gane wannan nan take. Shi ne murgu, inda bawa ke biyan ubangijinsa wani abu don a bar shi ya nemi na kansa, sa'an nan fansa ta biyo baya. Ta wannan hanya bayi da dama suka sami 'yanci a gaban alkalai bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, kafin a soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936.

Amma akwai bambancin da nan ne sukarmu take. Ubangijin bawa ya mallaki ƙarfinsa, bai mallaki zuciyarsa ba. Bawa na iya ƙin aiki, yana iya gudu, kuma da yawa sun gudu. Mahaifiyar Umar a littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934) ta faɗa hannun masu bauta, amma ba wanda ya iya cire mata neman ɗanta daga rai. Shi kuwa Andrew, ko bayan ya sami 'yanci, wasu samari biyu sun tare shi a hanya suna wulakanta shi da umurni, ya kasa ƙi, domin biyayyar tana cikin ginin kansa. Saboda haka idan marubuci ya nuna mana mutum-mutumi yana murna da hidimarsa, wannan ba hujja ba ce. Yardar da maigida ya dasa da hannunsa ba yarda ba ce.

Daɗin daɗawa, 'yancin na mutum ɗaya ne. Kamfanin da ya ƙera Andrew ya sauya fasalin aikinsa don kada a sake samun irinsa, shi kuma sai da ya zaɓi mutuwa kafin a kira shi mutum. Wannan ya tuna mana akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka saya da kuɗi, hikimarsa ta kai shi ga sarautar waziri. Mai karatu na murna da ɗaukakar aku, ya manta da tambayar ko ya halatta a sayi mai irin wannan hankali tun farko. Ɗaga bara guda saboda bajintarsa ba ya rushe bauta, sai ma ya ƙawata ta.

4.0 Darasin Bakolori

Kada a ɗauka wannan musu kan ƙarfe kaɗai ne. Wanda ya saba ganin mai hankali a matsayin kayan aiki ba zai tsaya a kan inji ba. Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun shaida ne. Da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka, aka baje wasu filayen don noman rani, aka tsara komai kamar manomi wani ƙarfe ne a jikin injin. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980, aka yi asarar rayuka masu yawa. An bukaci su zama bayin Asimov, sai suka nuna cewa su masu iya cewa a'a ne.

5.0 Kammalawa

Ba mu ce injunan da ke hannunmu suna ji ko suna so ba. Abin da muka ce shi ne, da zarar marubuci ya ba abin da ya ƙaga hankali da buri, to ya ɗora wa kansa alhakin tambayar mallaka. Shawararmu ga masu niyyar rubuta irin waɗannan labarai da Hausa ita ce kada su ari bawan ƙarfe daga Turawa yadda yake. Su tambaye shi abin da alkali zai tambayi mai neman fansa: shin kana da ikon ƙi? In babu, to labarin bauta suke rubutawa, ya kamata kuma su kira shi da sunansa.