Gonar Gwaggo da Littafin Wani Bature

Da hutun damina na koma garinmu, can arewa da birnin Kano, na tarar gwaggona tana sintiri tsakanin gida da kotu a kan gonar mahaifinsu. Abokan shari'arta kuwa 'yan'uwanta ne maza, waɗanda suka kafe a kan cewa tun kaka da kakanni mace ba ta gadon gona. Wannan magana tasu ce ta sa da na dawo makaranta na nemi littafin Steven Pierce mai suna Farmers and the State in Colonial Kano, wanda aka buga a Amurka a 2005. Marubucin ya yi bincikensa ne a Ungogo, watau ƙasar da kusan babu saurar daji a cikinta, gona tana jingine da gona, ciyawar iyaka kaɗai ta raba su.

Abin da ya fi kama ni shi ne tarihin gadon mata. A 1923, zamanin Sarkin Kano Usman, aka hana mata gadon gidaje da gonaki, bisa hujjar wai macen da ta sami abin kanta takan ƙi zaman aure ta shiga karuwanci. A 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke wannan hani, don ganin halin da tsofaffin mata marasa galihu suka shiga. To, jama'a, ashe abin da kawunnaina suke kira al'adar kaka da kakanni yana da shekarar da aka kafa shi, yana da shekarar da aka rushe shi, kuma duk tsawon ransa shekara 31 ne. Shari'ar Musulunci kuwa ba ta taɓa cire mace ba. Rabin rabon ɗan'uwanta ta ba ta, amma ta ba ta.

Babban zancen Pierce shi ne Turawan mulki sun zo suna neman wata doka ta mallakar ƙasa wadda za su ɗora haraji a kanta, suka rubuta abin da suka zata ita ce. Shi kuwa manomi ta hanyar gandu ya san haƙƙinsa: wa ya yi wa uba noma, wa ke ciyar da wa, wa aka yanka wa gayauna. A nan na yarda da shi ƙwarai, domin kalmar da ta fi fita daga bakin kawunnaina a gaban alƙali ita ce, "Mu muka noma ta."

Amma ina da ƙorafi. Turancin littafin ya yi tsauri, ra'ayoyin masanan Turai sun danne muryar mutanen Ungogo, har mai karatu yakan yi shafi da shafi bai ji ƙamshin taki ba. Ni da nake jami'a sai da na ajiye ƙamus a gefe, balle muhutin kotu ko dagacin da ya fi kowa bukatar sanin abin da ya faru a 1954.

Sa'an nan, tun da zamanin Turawa ne iyakar littafin, wanda yake son gane rigimar yau sai ya ƙara da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ita ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ce idan hukuma ta karɓe gona, diyyar shuka da itatuwa da gini za a biya, ban da ƙasar kanta. Ga birni kuma yana ta cin gonakin Ungogo ana yanka su filaye awon igiya. Kawunnaina ba gero suke hange ba, kuɗin fuloti suke hange, shi ya sa gonar da ta shekara ashirin ba wanda ya yi maganarta ta zama abin sammaci.

Alƙali dai ya sa an auna gonar an fitar wa gwaggo rabonta, ɗorawa biyu suka faɗo a ciki. Babban kawuna ya ce zai ɗaukaka ƙara bayan girbi.