Matar da Ta Sayi Gona: Nazari a kan Karin Magana 31:16

A makon Zumuntar Mata da kuma wa'azin ɗaurin aure, mukan buɗe Karin Magana 31:10-31. Sai mu tsaya a kan sammakon matar nan da ciyar da iyalinta, mu ƙetare aya ta 16, inda ta sayi fili da guminta domin ta kafa gonar inabi. Wannan karatu ya rage mata daraja, ya kuma tauye nassin.

Mu lura da kalmar da ta buɗe ayar. A Ibrananci daga "zamam" take, wato ƙulla shiri a zuci. Ita ce a Farawa 11:6 game da maginan Babila, ita ce kuma a Maimaitawar Shari'a 19:19 game da makircin mai shaidar zur. Marubucin ya ɗauki kalmar da ta saba tafiya da masu makirci, ya yabi mace da ita. Tana da lissafi, ba a boye wannan ba.

Inabi kuma ba gero ba ne, da za a shuka da damina a girbe da kaka. Ishaya 5:1-2 ya nuna wahalar aikin: kaftu, tsince duwatsu, dasa iri mai kyau, gina hasumiyar tsaro, sassaƙa wurin matsewa a dutse. Littafin Firistoci 19:23-25 ya hana cin 'ya'yan sabon itace shekara uku, na huɗu na Ubangiji ne, sai a ta biyar mai gona ya ci. Ashe matar nan ta zuba jarinta ne a abin da zai ɗauki shekaru bai mayar mata da ko anini ba.

Amma kada mu juya ayar ta zama izinin haɗiye gonakin talakawa. Firistoci 25 ya hana sayar da ƙasa har abada. Gwargwadon girbin da ya rage kafin shekara ta hamsin ake yanke farashi. Ahab ma gonar inabi ya so, jinin Nabot ya biya (1 Sarakuna 21). Ita kuwa da aikin hannunta ta biya.

'Yan'uwa masu hidima, ga inda abin ya shafe mu. Ran da dangin miji suka zo karɓe gonar gwauruwa a ikilisiyarka, suna cewa mace ba ta riƙe ƙasa, wa'azin da ka saba yi a kan wannan sura shi zai nuna ko kana da bakin magana.