Kiɗa Ba Tafi: Tsokaci a Kan Zaman Kiɗan Ɗaki na Ƙungiyar Schoenberg a Biyana, 1918 zuwa 1921

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala muna so mu yi tsokaci a kan wani jerin zaman sauraron kiɗa da aka gudanar a Biyana, babban birnin Ostiriya, daga ƙarshen 1918 zuwa ƙarshen 1921, a ƙarƙashin jagorancin Arnold Schoenberg. Irin kiɗan da ake magana shi ne wanda muka ga ya dace mu kira kiɗan ɗaki, watau kiɗan da makaɗa kaɗan ke yi, daga biyu zuwa goma sha wani abu, kowane mutum ɗaya yana riƙe da murya ɗaya, galibi ba tare da wani ya tsaya gabansu yana ba da umarni da sanda ba. Abin da ya ja hankalinmu ga wannan zama shi ne dokokinsa. An hana tafi, an hana tsaki, an hana masu sharhi na jaridu shiga. To, mu da sharhi ne sana'armu, tilas mu tambaya ko kiɗa ya ƙaru da wannan kora, ko kuwa ya yi asara.

2.0 Mafarin al'amari

Ba haka kawai Schoenberg ya tashi ya kulle ƙofa ba. A Disamba 1908, da aka fara kaɗa aikinsa na biyu na goge huɗu, 'yan kallo sun yi ta dariya da fito ana cikin kiɗa. Abin ya fi muni ranar 31 ga Maris 1913 a babban zauren Musikverein, inda aka kai ga waƙoƙin almajirinsa Alban Berg sai wuri ya yamutse, aka kai ga mari, aka tashi ba a kai ga aikin Mahler da aka shirya rufewa da shi ba. Wanda aka yi wa haka sau da yawa ba zai rasa riƙe mutane a zuci ba. A Yuni 1918 ya gwada wata dabara: ya yi gwaji goma na ƙaramar simfoninsa ta farko a gaban masu sauraro, ba tare da an yi wani bikin nuni a ƙarshe ba. Daga wannan dabara ƙungiyar ta tsiro a Nuwamba 1918, a daidai watan da daular Ostiriya da Hangari ta rushe, garin yana fama da yunwa da ƙarancin gawayi. Sunanta, in an juya shi, Ƙungiyar Nunin Kiɗa na Keɓe. An yi zaman farko ranar 29 ga Disamba 1918.

Dokokin kuwa Berg ne ya rubuta bayaninsu a 1919. Ba mai shiga sai ɗan ƙungiya, da katinsa mai hoto. Ba a faɗin abin da za a kaɗa kafin ranar, don kada mutum ya zaɓi zuwa ranar da ake kaɗa wanda yake so ya ƙaurace wa sauran. Ba a fito da aiki sai an yi masa gwaji iyakar abin da yake bukata, a ƙarƙashin wani malami da aka ɗora wa alhakinsa, kamar Berg ko Anton Webern ko Eduard Steuermann ko Erwin Stein. Sa'an nan aiki mai wuya akan maimaita shi, wani lokaci ma a zama guda.

3.0 Abin da aka samu

A cikin shekara uku an yi zama 117, an kaɗa ayyuka 154, kuma jimillar kaɗawa ta kai 353. In aka raba, kowane aiki ya zo sau biyu da ɗoriya. A ganinmu wannan lissafi shi ne zuciyar al'amarin, ya fi dokar hana tafi muhimmanci nesa ba kusa ba, ko da yake ita ce marubuta suka fi ambata.

Dalili kuwa shi ne, kiɗan da ba shi da kalmomi ba ya tsayawa a kalle shi kamar zane, ba a kuma komawa baya kamar shafin littafi. Mai sauraro yana gane abin da yake ji yanzu ne ta hanyar tuna abin da ya wuce. A tsohon tsari, irin na Haydn da Mozart, mai tsara kiɗa yakan taimaki kunne da kansa: ya kawo karin, ya maimaita shi, ya yi nisa da shi, ya komo gida. Sababbin masu tsarawa na farkon ƙarni na ashirin, musamman Webern, sun rage maimaici ƙwarai, har akwai guntayensa da ba su cika minti ɗaya ba. Kafin kunne ya daidaita, abin ya ƙare. A lokacin kuma ba rediyo a gidaje, faifan garmaho bai ɗaukar fiye da 'yan mintoci a gefe, kuma ba wanda zai zuba kuɗinsa ya buga irin wannan kiɗa. Ashe maimaicin da aka cire daga cikin aiki, sai ƙungiya ta mayar da shi daga waje. Duk malamin da ya taɓa karanta wa ɗalibai waƙa mai zurfi sau ɗaya, sa'an nan ya sake, ya ga yadda fuskoki ke sauyawa a karo na biyu, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Haka nan dole a yaba faɗin zaɓin. Ƙasa da shekara guda bayan yaƙin da aka gwabza da Faransa, ana kaɗa Debussy da Ravel a Biyana, tare da Stravinsky da Scriabin na Rasha da Bartók na Hangari. A Oktoba 1920 Ravel da kansa ya halarci zaman da aka shirya don girmama shi. Wanda aka fi kaɗa ayyukansa kuwa Max Reger ne, mutumin da ba almajirin Schoenberg ba ne. Shi shugaban bai yarda an kaɗa nasa ba sai a 1920. Masu cewa ƙungiyar dandalin tallan kai ce ba su duba jerin abin da aka kaɗa ba.

4.0 Inda muke da ja

Farko, batun rage kaya. Ƙungiyar ba ta da kuɗin ɗaukar babbar ƙungiyar makaɗa, don haka manyan ayyuka akan sake rarraba muryoyinsu ga piyano ko ga makaɗa kamar goma. Wannan larura ce, ba laifi. Amma bayanin Berg ya mayar da larurar abin alfahari, yana nuna cewa in an tuɓe wa aiki adon sauti sai ainihin gininsa ya fito, a kuma gane ko yana da ƙashi. Wannan magana tana da gaskiya ga wasu ayyuka, ga wasu kuwa ba ta da ita. Simfoni ta huɗu ta Mahler, wadda Stein ya rage a 1921, dama can saƙarta ba kauri, ba ta da manyan ƙahonin nan masu nauyin murya, saboda haka ragewar ba ta cuce ta ba, har yau ana kaɗa ta a haka ana jin daɗi. Amma a zaman farko simfoni ta bakwai aka kawo, mutum biyu a kan piyano ɗaya. A wannan aiki Mahler ya sa jita da mandolin a kashi na huɗu, ya sa ƙararrawar shanu a wasu wurare don a ji kamar daga nesa. Waɗannan ba ado ne da aka yafa a kan gini ba, da su aka yi ginin. In an cire su, abin da ya rage taswirar gidan ce. Haka ma Debussy, wanda launin sauti shi ne rabin maganarsa: a ragewar da Benno Sachs ya yi wa shahararren aikinsa na 1894 sarewar farko tana nan, amma ƙahoni huɗu da ke amsa mata sun tafi, hamoniyom ne ke ƙoƙarin cike gurbinsu, kuma ba ya iyawa. Ra'ayin cewa gini shi ne gaskiya, launi kuwa ruɗi, ra'ayin makarantar Jamusanci ne, kuma an auna baƙi da shi ba tare da an tambaye su ba.

Na biyu, kuma shi ne babba, batun hukunci. Manufar hana tafi da korar 'yan jarida ita ce a ceci aiki daga hukuncin gaggawa. Amma hukunci ba ya gushewa don an rufe masa baki, wuri kawai yake sakewa. A nan ya koma hannun mutum ɗaya, domin tsarin ƙungiyar ya ba shugaba ikon zaɓen aiki da makaɗi da ranar fitarwa. An yi sa'a shugaban mai faɗin kunne ne. Tsarin da kyansa ya rataya a kan halin mutum guda kuwa ba abin da za a miƙa wa na baya ba ne da kwanciyar rai.

Ba mu ce jama'a ba sa kuskure ba. A wannan gari dai, ranar 21 ga Maris 1826, makaɗan Schuppanzigh suka fara kaɗa aikin Beethoven na goge huɗu mai lamba 130. Masu sauraro suka nemi a maimaita musu gajerun kashi biyu na tsakiya, babban kashin ƙarshe kuwa, wanda yau ake ɗauka cikin manyan ayyukansa, ya ɗaure musu kai. Sun yi kuskure, ba shakka. Amma a dubi abin da ya biyo baya: mai buga littafin kiɗan, Artaria, ya roƙi Beethoven wani ƙarshen, ya kuwa yarda ya rubuta a ƙarshen shekarar, aka fitar da tsohon shi kaɗai da lamba 133. Har gobe makaɗa na jayayya a kan wanne ya fi dacewa a rufe da shi, kuma wannan jayayya ta sa an saurari aikin da kunne biyu. Da dokokin 1919 na aiki a wannan rana, da an tashi shiru, da ba mu san abin da kunnen 1826 ya iya ɗauka da abin da ya gagare shi ba. Tafi da tsaki shaida ne, ko da shaidar ta karkace. A game da zama 117 na ƙungiyar Schoenberg mun san abin da aka kaɗa da wanda ya kaɗa, amma yadda abin ya sauka a kunnen mai sauraro sai dai a tsinto a wasiƙun 'yan gida, waɗanda dama can sun yi imani.

Akwai kuma abin da ya biyo bayan wannan ra'ayi. A 1958 Milton Babbitt na Amurka ya rubuta maƙala yana ba mai tsara kiɗa shawarar ya janye daga kasuwar jama'a ya nemi mafaka a jami'a, kamar mai binciken lissafi. Ba za a ɗora wa Schoenberg alhakin wannan kai tsaye ba, tun da shi burinsa ya tarbiyyantar da mai sauraro ne, ba ya rabu da shi ba. Sai dai ƙofar da aka rufe don a yi karatu, na baya sukan gaje ta a rufe su manta dalili.

5.0 Daren rawa da gwanjo

Wani zama guda ya nuna iyakar tsarin fiye da duk wata hujja tamu. Da kuɗin Ostiriya ya yi ta zubewa, kuɗin shiga ƙungiya ya daina isa, sai ranar 27 ga Mayu 1921 aka shirya dare na musamman na kiɗan rawar wals na Johann Strauss, watau kiɗan da duk Biyana ke so. Schoenberg ya rage biyu, Berg ɗaya, Webern ɗaya, ga piyano da hamoniyom da goge huɗu. Su da kansu suka zauna cikin makaɗa: Schoenberg da goge, Webern da babban goge, Berg a kan hamoniyom. A daren an ɗage dokar tafi, bayan an gama kuma aka yi gwanjon takardun da suka rubuta da hannunsu don a sami kuɗi. Abin lura shi ne ba su yi aikin da ƙyashi ko raini ba. Ragewar Berg musamman tana da laushi da kulawa irin wadda yake ba nasa aikin, kuma waɗannan huɗu na cikin abin da aka fi kaɗawa yau daga duk kayan da ƙungiyar ta bari.

Gwanjon bai hana abin da zai faru ba. An yi zaman ƙarshe ranar 5 ga Disamba 1921. A lokacin Stein da Hanns Eisler da Karl Rankl sun riga sun gama rage simfoni ta bakwai ta Bruckner, ba a kuwa kaɗa ta ba. Ragewar da Schoenberg ya fara yi wa babban aikin waƙa na Mahler ta tsaya a hanya, sai a 1983 Rainer Riehn ya ƙarasa ta. Wani reshe ya buɗe a birnin Firag a 1922 a ƙarƙashin Alexander Zemlinsky, shi ma ya kai 1924 ya tsaya.